Warin da na daina ji

Ranar da na fara aiki a wata masana'antar buga ledar ƙunshe kaya a Kano, ban iya cin abincin rana ba. Warin tina ya cika mini hanci da maƙogwaro, kaina na sarawa, idanuna na ruwa. Da na koma gida bayan magariba, ko zama ban yi ba Inna ta ce, "Kai kuma wane irin aiki ka samo? Cire rigar nan ka rataye ta a waje." Wata ɗaya bai cika ba na daina jin komai, in shiga ɗakin injinan bugu in fito kamar na shiga zauren gidanmu. Cikin jin daɗi na ce wa maigidana, wani dattijon makanike da ya fi shekara 20 a wurin, "Baba, ai na saba." Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce, "Ba sabawa ka yi ba, ɗana. Hancinka ne ya gaji ya daina kawo maka labari. Abin yana nan yana shiga."

Aikin da aka ɗauke ni shi ne dubawa da gyaran injinan da ke kama tiririn sinadarai kafin ya fita waje. Tawadar da ake buga hoton biskit ko na garin sabulu a jikin leda da wasu sinadarai masu saurin bin iska ake tsinka ta, irin su tolwin da etil asitet, wani lokaci har da MEK, wanda ɗan'uwan asiton ne. Ma'aikata ba sa rarrabewa, duk tina suke ce musu. Ledar ba ta bushewa sai waɗannan sinadarai sun tashi, shi ya sa ake bi da ita ta cikin akwatin iska mai zafi bayan kowace kala. Kowane durom na tina da ya shigo ta ƙofar masana'anta, ƙarshensa iska ke nan, sai fa abin da aka tare.

Illar wannan tiriri sananniya ce. Tolwin na cikin dangin sinadaran da ke bugar da yaran da ke shaƙar sholisho. Yana sa jiri da ciwon kai, in an daɗe ana shaƙa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, har da ji. Ɗan'uwansa benzin, wanda ke cikin tiririn fetur, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman ta jini. Akwai kuma wata illar da ba a gano ba sai a farkon shekarun 1950, lokacin da wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, ya binciki hazon da ke sa mutanen Los Anjelis hawaye yana ƙona ganyen shuka. Ya nuna cewa idan irin wannan tiriri ya gamu da hayaƙin injuna a ƙarƙashin rana mai ƙarfi, sai su haifar da iskar ozon a ƙasa-ƙasa, daidai inda mutane ke numfashi. Mu ga rana kusan duk shekara, ga hayaƙin janareto ta ko'ina.

Na daɗe kafin in gane bambancin injinan da nake kula da su da sauran injinan wurin. Injin bugu in ya sami matsala, cikin minti 5 kowa ya sani: leda ta yage, kala ta goce, manaja ya sauko daga ofis. Nawa kuwa yana iya mutuwa alhali fankarsa na ruri, fitilarsa kore shar, leda na fita lafiya, kuɗi na shigowa. Tiririn ba shi da launi balle a ga hayaƙi, hancin da zai tona asiri kuma ya riga ya gaji. Ba mai sani sai wanda ya ɗauki ma'auni ya hau bututu.

A Kano da gawayi muke kama tiririn. Ana yin irinsa da ɓawon kwakwa ko kwal, a gasa shi da tururin ruwa har cikinsa ya cika da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Giram ɗaya na iya ƙunsar faɗin da ya kai murabba'in mita 1,000 a cikin waɗannan ramuka, wato giram 7 sun yi filin ƙwallo. Tankuna biyu ne cike da shi. Iska mai ɗauke da tina ta ratsa ɗaya, tinar ta maƙale, iskar ta wuce. Kafin ya ƙoshi sai a karkata iskar zuwa na biyu, a hura wa na farkon tururin ruwa ya koro abin da ya kama, a sanyaya shi ya koma ruwa, a tara a durom a sake aiki da shi. Sannan a busar da gawayin, a bar shi ya huce ya jira layinsa.

Agogo ne ke juya tankunan. Wanda ya kafa injin ya saita shi tun shekarun baya, kowa kuma ya ɗauka tunda agogo na juyawa a kan lokaci, aiki na tafiya. Ni ma haka na ɗauka shekara guda cur. Mai kula da sito ne ya farkar da ni, shi ma ba da niyya ba. Wata rana a cikin bazara yana ƙorafin tina na ƙarewa da wuri, ya nuna mini littafinsa. Na kwafi adadin duroman da ake fitarwa kowane wata, na jera su gefen adadin da muke tarowa daga tankuna. A watannin sanyi lissafin biyu na tafiya kusa da juna. Daga Maris zuwa Mayu sai tazara ta buɗe, a Agusta ma ta sake buɗewa. Mai sito ɓarawo yake nema. Tinar kuwa ta bututun hayaƙi ta fice.

Gawayi ba ya shiri da zafi. Iskar da ta haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas na rage masa ƙarfin kamu sosai, a Kano kuwa cikin Afrilu iskar waje kanta takan kai haka tun kafin ta bi ta akwatin busarwa. Na'urar da ya kamata ta sanyaya iskar kafin ta shiga tanki, bututanta sun toshe da farin dasashin ruwan rijiyar burtsatse. Da damina kuma laima ce ke gasa da tina wajen neman gurbi a ramukan. Da zarar ɗanshin iska ya wuce rabi, ruwa ya fara cinye wuri. Ga tsufa. A kowane juyi akwai ɗan abin da tururin ruwa ba ya iya korowa, ya zauna, shekara da shekaru yana taruwa. Sai ya zama tanki ya ƙoshi tun da sauran lokaci mai yawa kafin agogo ya juya, tinar na wucewa kamar ruwa a kwando.

Na ɗauki ma'auni da kujera na zauna a bakin mafitar tanki daga farkon juyi har ƙarshensa. Lambar ta daɗe a ƙasa ba ta motsi, sannan ta fara ɗagawa kaɗan-kaɗan, sai kuma ta yi sama da gudu. Da a farkon juyi na auna na yi gaba, yadda na saba, da "lafiya lau" zan rubuta, kuma da ban yi ƙarya ba a kan abin da na gani. Tun daga ranar ba na auna tanki sai a ƙarshen juyinsa, a ranar da aiki ya fi yawa, da azahar lokacin da zafi ya kai iyaka. Muka wanke na'urar sanyayawa, muka gajarta agogo a bazara da damina, daga baya aka sayo sabon gawayi.

Etil asitet na da wani halin da ya kamata mai wannan aiki ya sani. Tururin ruwa na fasa kaɗan daga cikinsa ya koma ruwan tsami irin na binega, shi kuma ya riƙa cin ƙarfe ta ciki. Gindin tanki da wuraren walda nake fara bi ina ƙwanƙwasawa, da gudumar tagulla, saboda ita ba ta tartsatsi.

Duk wannan magana a kan iskar da ta iso tanki ce. Wadda ba ta iso ba ta fi ci mini rai. A ce injinka na kama 98 cikin 100 na abin da ya shigo masa, amma rumfunan zuƙa da ke kan injin bugu 70 kawai suke jawowa cikin 100 na abin da ya tashi. Abin da ka tare a zahiri bai kai 69 ba. Sauran 30 ɗin suna cikin ɗaki, a ƙirjin masu aiki, takardar da ake nuna wa baƙi kuwa 98 ke rubuce a kanta. Tiririn tolwin ya fi iska nauyi kusan ninki 3, saboda haka kwanciya yake yi a ƙasa, a magudana da ƙarƙashin inji, daidai inda yaran da ke wanke silindar injin bugu ke durƙusawa. Bokitin tawada a buɗe, tsumman da aka jiƙa da tina jibge a kusurwa, robar da ta haɗa bututu da fanka ta tsage an naɗe ta da salatif. Babu ɗayansu da zai fito a allon inji.

Baba ya koya mini gwajin da ba ya cin ko kobo. Siririn yankin leda ne a ɗaure a bakin sanda, a kai shi bakin kowace rumfa da kowace ƙofa. In ya lanƙwasa ciki, ana zuƙa. In ya rataye ko ya karkato waje, ka tsaya nan ka nemi dalili. Na taɓa cewa mu yi amfani da tsinken turare don mu ga inda hayaƙi ke bi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ko a mafarki kada ka shigo da wuta ɗakin nan." Tolwin kashi 1.1 cikin 100 na iska ya isa ya kama, shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce kada kaurin tiriri a cikin bututu ya wuce rubu'in wannan. Daga baya na sami ma'aunin gudun iska, na kuma karanta ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka da ta ce ɗakin da ake son a ce ya kama komai, sai iska na shiga ta kafofinsa da gudun da bai gaza kimanin mita 1 a daƙiƙa ba. Ledar Baba da ma'aunin ba su taɓa saɓawa a kan inda matsala take ba.

Wata safiya na tarar masu aikin dare sun shigo da babbar fanka ta tsaye sun kafa a gefen inji, sun kuma tokare ƙofar baya da bulo. Fankar na kaɗe tiriri daga bakin rumfa, ita kanta kuma ba irin wadda ake sa wa a ɗakin tina ba ce, tana iya tartsatsi. Raina ya ɓaci, na rubuta rahoto a kansu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya girme ni, ya same ni ya ce, "Malam, zo ka yi dare ɗaya tare da mu a watan nan, sannan ka rubuta." Na je. Ƙarfe 2 na dare rufin kwano bai huce ba, akwatunan busarwa na feso zafi, gumi har cikin takalmi. Da gari ya waye na janye rahoton. An tsara yadda za a zuƙe iska daga ɗakin, amma ba a tanadi inda sabuwa za ta shigo ba, sai mutanen suka nema wa kansu mafita. Muka buɗe kafofi a bangon da ke bayansu, ta yadda sabuwar iska za ta fara bi ta kansu, ta wuce kan inji, ta ƙare a rumfa. Muka naɗe akwatunan busarwa da abin tare zafi. Ba wanda ya sake tokare ƙofa, kuma ban sake yi wa kowa magana ba. Har yau in na ga an ɓata tsari, nakan fara tambayar me ya matsa wa mutumin.

Hunturu ma da nasa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a arewacin Chadi, laushinta kamar hoda, kan ka ce kwabo ta toshe filtar da ke gaban tanki. Gejin da ke nuna bambancin matsin iska gaba da bayan filta shi ke faɗa: allura ta hau, filta ta toshe, zuƙa ta ragu a ɗaki. Wannan kowa ya sani. Wata rana na ga allurar da jiya ke sama ta sauko, na yi hamdala na wuce. Baba ya kira ni ya dawo da ni. "Wa ya canja filta?" Na ce babu. "To ta fashe." Ƙura ta kwana tana shiga gawayi kai tsaye. Yanzu lambar da ta gyaru ba tare da an taɓa komai ba ta fi wadda ta ɓaci tayar mini da hankali.

Ranar da na fi tsorata Lahadi ce. An karɓi wani aiki da tawadarsa ke da MEK da yawa, aka yi ta bugu har daren Asabar, aka kashe komai aka tafi, tanki ɗaya cike da tina ba a wanke shi da tururin ruwa ba. Sinadaran dangin asiton in sun zauna a kan gawayi, haɗuwa suke da oksijin a hankali suna fitar da zafi. Muddin fanka na juyawa, iska na kwashe zafin. In ta tsaya sai ya taru wuri guda a tsakiyar gawayin. Maigadi ne ya kira ni da la'asar ya ce fentin jikin tanki na kumbura ta gefe ɗaya. Ma'aunin zafin tankin bai nuna komai ba, don tsinkensa na nesa da wurin, gawayi kuma ba ya saurin isar da zafi. Wani ya ce a kunna fanka ta sanyaya shi. Da mun yi, da garwashi muka hura wa iska. Muka rufe duk ƙofofin iska muka cika tankin da ruwa, Allah ya kiyaye. Washegari da aka zauna wasu suka ce tsautsayi ne. Na yarda da ƙaddara, amma na ce wannan sakacinmu ne, ni da ban rubuta dokar kashe inji ba ina ciki. Muka rubuta: ba a tafiya hutu sai an wanke tankunan biyu an sanyaya su. Aka kuma sa ma'aunin iskar kabon monoksaid a mafita, domin ita ke fara fitowa tun kafin zafi ya iso tsinke.

Da aka zo kwashe jiƙaƙƙen gawayin, wani lebura ya sa ƙafa a tsani zai sauka, Baba ya damƙo rigarsa. Jiƙaƙƙen gawayi na shanye oksijin ɗin da ke cikin rufaffen tanki. Iskar da muke shaƙa na da oksijin kashi 20.9 cikin 100, in ya sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga. Mutum ba ya jin alama, faɗuwa kawai yake yi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Ba na barin kowa ya shiga sai an hura iska an auna, an sa kwaɗo a makunnin wuta makullin na aljihuna, mutum ɗaya kuma na tsaye a bakin tanki da igiya.

Bayan wasu shekaru na koma wata masana'anta a jihar Ogun, inda akwai bututun gas. Su ƙona tiririn suke yi, da injin da ake kira RTO. Ɗakin wuta ne a sama mai zafin digiri 800 da 'yan kai, ƙarƙashinsa rumbuna biyu cike da tubalan tangaran masu ramuka kamar saƙar zuma. Ƙazamar iska ta shiga ta rumbu ɗaya ta kwashi zafinsa, ta isa ɗakin wuta ta yi kamar daƙiƙa 1 ko ƙasa da haka, tinar ta ƙone ta zama kabon dayoksaid da tururin ruwa, sannan iskar ta fita ta ɗaya rumbun ta bar masa zafinta. Duk minti 2 zuwa 3 sai manyan bawul su juya hanya. Ta haka ake maido da kusan 95 cikin 100 na zafin.

A can kowa idonsa na kan lamba ɗaya, zafin ɗakin wuta. In allo ya nuna 820, an gama magana. Amma bawul ɗin da ke juyawa duk minti 3 ba dare ba rana, a shekara ya yi motsi fiye da sau 170,000. Bakinsa na cinyewa, sandarsa na gocewa, shi kaɗai ne kuma tsakanin mashiga da mafita. In bai zauna daidai ba, ƙazamar iska ta zille daga wannan zuwa waccan ko leƙa wuta ba ta yi ba. A ce 3 cikin 100 ke zillewa: ko wutar ta ƙone duk abin da ya iso ta ƙurmus, ba za ka wuce 97 ba, allo kuma na nan a 820. Yadda nake kama shi, in auna a bututun hayaƙi in zuba wa lambar ido tsakanin juyi da juyi. A inji mai rumbu biyu lambar kan yi tsalle na 'yan daƙiƙu lokacin juyi, wannan halinsa ne. Amma in ta ƙi sauka a rabin zagaye ɗaya ta sauka a ɗayan, ka san bawul ɗin da za ka nufa. Ranar hutu, in inji ya huce, mutum biyu mu shiga da tocila, ɗaya ya haska ta wannan gefe ɗaya ya duba ta wancan. Inda haske ya ratsa, iska ma na ratsawa.

Kunne ma na aiki a nan. Kukan kurciya jawabi ne. Lafiyayyen bawul da ƙara ɗaya yake rufewa, dim. In ya fara ja da huci kafin ya zauna, sau da yawa ruwa ne ya taru a bututun iskar kwamfresa, domin laimar Kudu ba irin ta Kano ba ce. Tsinken auna zafin shi ma tsufa yake a cikin wutar nan, ya riƙa gocewa kaɗan-kaɗan, dole a riƙa gwada shi da wani.

Ma'aunin da nake yawo da shi ma ya taɓa ɓatar da ni. Da iskar isobutilin mai kashi 100 cikin miliyan ake saita shi, kuma ba ya ganin sinadarai duka da ido ɗaya. Tolwin yana nuna shi ninki biyu na gaskiya, etil asitet kuwa kimanin rubu'i kawai yake nunawa. Na yi watanni ina rubuta lambar etil asitet yadda ta fito ban ninka ba. Da na gano, na koma littafi na gyara kowane shafi da jan biro, na sa hannu, na je na faɗa wa manaja da bakina. Bai yi mini daɗi ba, amma littafin da na san akwai kuskure a ciki ba zan iya ci gaba da ɗora aiki a kansa ba.

Littafin aiki na karanta shi fiye da kowane allo. Shafin da lambobinsa suka zama iri ɗaya daga Litinin zuwa Asabar, kwafa aka yi. Injin da ke aiki lambobinsa motsi suke, suna bin zafin rana da nau'in tawada da yawan injinan da aka kunna. Da na bi diddigin irin wannan shafi sau ɗaya, sai na tarar gejin na can saman wani tsani mai tsatsa, ba fitila, ana so yaro ya hau ƙarfe 3 na dare. Muka sauko da gejin daidai tsayin mutum. Na kuma roƙi shugabannin aiki kada su tsawata wa wanda ya rubuta mummunar lamba, domin in sun yi, gobe kyakkyawa zai rubuta musu. NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya wadda aka kafa a 2007, da hukumomin muhalli na jihohi kan zo dubawa, zuwansu kuma na taimaka mini ƙwarai wajen samun kuɗin gyara. Sai dai jami'i abin da ya tarar a ranar zai auna. Sauran kwanakin shekara a hannun yaran nan suke.

Rigimar da ta fi daɗewa a kan ƙofar ratse ce. Ƙofa ce da ke buɗewa ta watsar da iskar sama kai tsaye idan wuta ta ɗauke ko tiriri ya yi kauri fiye da kima. Don tsaro aka yi ta, kuma dole ce. Matsalar ita ce in wuta ta dawo, injin bugu na tashi cikin mintuna, RTO kuwa sai an kore iskar cikinsa, a kunna, a jira zafi ya hau a hankali don kada tangaran ya tsage. A wannan tazarar ake bugu ƙofa a buɗe. Gas kuma kuɗi ne, wani daren sai a bar ta haka har safiya. A Kano ina da hujjar da manaja ke ji, duroman tinar da muke tarowa, kowanne da farashinsa. A nan injin ci kawai yake, ba ya maido da ko sisi. Na nemi abu biyu: mita mai ƙirga sa'o'in da ƙofar ta yi a buɗe, da kuma a haɗa waya ta yadda injin bugu ba zai tashi ba sai ɗakin wuta ya kai zafinsa. Na farkon aka ba ni nan take. Na biyun na fi shekara ina nema.

A bayan katangarmu, ta gefen da iska ke sauke abin da ya fito daga bututu, akwai wani mai shayi ɗan Arewa da ke kwana a rumfarsa da ƙaramin ɗansa. Wata safiya yana zuba mini ya ce, "Injiniya, jiya da dare kun saki abin nan ko? Yaron nan ya kwana yana tari." Ni ban ji komai ba, na shekara da shekaru ban ji ba. Na ajiye kofin na hau na duba mita: sa'a 4 ƙofar ta yi a buɗe. Littafin masu aikin dare bai ambata ba. Na ɗauki lambar na kai ofis, na roƙi manaja ya biyo ni mu zagaya bayan katanga ya ga rumfar da tabarmar da yaron ke kwana a kai. Ya biyo ni. Kafin watan ya ƙare aka haɗa wayar.

Yanzu kowace safiya, kafin in buɗe littafi, nakan tsaya wurin mai shayi in tambaye shi yadda suka kwana, sannan in hau in duba mita.